Tambaya da Amsa: Muna son otal a bakin teku a Santorini, ni da maigida da yara da Hajiya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni da maigidana muna shirin hutun sati guda a ƙasar Girka idan yara sun samu dogon hutu a watan Agusta. Mu biyar ne, da yara biyu, ɗaya shekara 4 ɗaya 7, sai Hajiyarsa wadda gwiwa ke ɗan damunta. Ni dai tsibirin Santorini nake so saboda hotunan da nake gani a Instagram, fararen gidajen nan masu shuɗiyar ƙubba. Ina son otal da za mu fito daga ɗaki kawai mu taka yashi, yara su yi wasan ruwa muna kallonsu. Don Allah a wane gari ya kamata mu kama otal, kuma ya batun abinci da sallah da hijabi? Na gode.

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Toh gara da kika tambaya tun ba a biya kuɗi ba, domin abu biyu kika haɗa a tambayarki kuma a Santorini ba a samun su wuri ɗaya.

Fararen gidajen nan da kike gani, garuruwan Oia ne da Fira da Imerovigli da Firostefani, kuma duk cikinsu babu wanda yake bakin ruwa. A kan leɓen tsauni suke. Tsibirin gaba ɗayansa ragowar dutse ne mai aman wuta, kimanin shekara 3,600 da suka wuce ya yi wata mummunar fashewa tsakiyarsa ta rufta teku ta cika ramin, abin da ya saura shi ne wannan gaɓa mai siffar jinjirin wata, mutane suka zo suka yi gini a samanta. Daga barandar otal zuwa ruwan da kike hangowa a hoto akwai zurfin mita 200 zuwa 300 a wasu wuraren, ya fi Dutsen Dala nesa ba kusa ba, kuma ƙasan ma ba yashi ba ne, duwatsu ne da ruwa mai zurfi inda manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa. Daga Fira zuwa tsohuwar tashar jirgin ruwa matakala kusan 600 ce, shi ya sa har yau akwai jakuna da alfadarai masu ɗaukar mutane, da kuma ƙaramar motar nan mai tafiya a kan waya. Su kansu otal ɗin a jikin gangare aka fafe su, ɗaki a ƙarƙashin ɗaki, mota ba ta isa ƙofa, a saman titi za a sauke ku ma'aikata su ɗauki akwatuna a kafaɗa, ku kuma ku bi matakala 50 ko 80 ko fiye, ba lifta, duk fita sai an hau duk dawowa sai an sauka. Ki duba gwiwar Hajiya ki duba wannan. Sannan ga ɗan shekara 4 da katangar baranda wadda wani lokaci ba ta wuce ƙugun babba ba, dalilin da ya sa ma da yawa daga otal ɗin gefen tsaunin ba sa karɓar ƙananan yara sam, a rubuce yake a ƙa'idojinsu in kika duba ƙasa-ƙasa. Kuɗinsu kuma a Agusta ɗaruruwan Yuro ne a dare ɗaya, ɗaki ɗaya, ku kuwa biyu za ku kama.

Bakin ruwan Santorini na gaske yana ɗaya ɓangaren ne, gabas da kudu maso gabas: Kamari, Perissa, Perivolos. A nan ƙasa shimfiɗe take, akwai otal da za ki fito ki tsallaka 'yar hanya ki taka gaɓa, kuma sun fi araha sosai. Sai dai yashin baƙi ne, a Kamari ma tsakuwa ta fi yashi yawa, da azahar yana ɗaukar zafin da yaro ba zai iya takawa ba takalmi ba, kuma ruwan yana saurin yin zurfi, taku kaɗan ya wuce kan ɗan shekara 7, wasu wuraren akwai faffaɗan dutse mai santsi a ƙarƙashin ruwa. Kamari kuma tana daf da filin jirgin sama, za ku riƙa jin saukarsu. Ba wai wurin ba kyau ba ne, yana da kyau, amma ba shi ne hoton da ke ranki ba, kuma ba shi ne wurin da zan zaɓa wa ƙananan yara ba.

To mene ne mafita? In ni ne mai tsara muku tafiyar nan, da tsohuwa da yara biyu a tsakiyar Agusta, Rodos zan kai ku, sati gudan gaba ɗaya a otal ɗaya. Bari in faɗi dalili.

Rodos babban tsibiri ne can gabas kusa da Turkiyya, daga Atens, babban birnin Girka, kamar awa ɗaya a jirgin sama. Irin otal ɗin da kika kwatanta shi ne ya cika gabar gabashinsa, manyan otal masu lifta da ɗakin iyali da wurin ninƙaya na yara daban, ka fito ta lambu ka taka yashi. Amma ki kula da wane gefe. Gefen yamma, wajen Ixia da Ialyssos, iska ce da igiyar ruwa da tsakuwa, masu hawa allo mai filafilai iska na tura su a kan ruwa ne ke son can, za ki ga otal ɗin ya ɗan fi sauƙin kuɗi ki yi murna, dalilin kenan. Gefen gabas shi ne kwantacce: Faliraki, Kolymbia, Tsambika, Pefkos, har Lindos. Tsambika yashi ne mai laushi ruwan kuma sai an yi tafiya kafin ya kai ƙirji. Faliraki gaɓarta doguwa ce mai kyau amma tsakiyar garin mashaya ce da kiɗa har asuba, in za ku kama a can ku kama can gefen arewa inda manyan otal na iyali suke, nesa da tsakiya. Kuma kinga Lindos ita ma fararen gidaje ne a jikin tudu da tsohuwar ganuwa a sama da shuɗin ruwa a ƙasa, hoton da kike so za ki samu daidai gwargwado, ku je da sassafe kafin rana ta buɗe domin garin nan akwai zafi, Hajiya ta zauna a inuwa a ƙasa ba sai ta hau ba.

Abu na biyu da ya sa na ce Rodos shi ne masallaci. Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ya ci tsibirin a 1522, ya zauna a hannunsu har 1912 da Italiya ta ƙwace. Da aka yi musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya a 1923, aka kwashe Musulmin yawancin tsibirai aka kai Turkiyya, na Rodos da tsibirin Kos abin bai shafe su ba saboda a lokacin suna ƙarƙashin Italiya ne, sai a 1947 aka miƙa tsibiran ga Girka. Shi ya sa har yau akwai 'yan dubban Musulmi 'yan asalin wurin, kuma masallacin Ibrahim Pasha da aka gina a 1540 a cikin tsohon birni ana sallah a cikinsa, maigida zai samu Juma'a. Shi kansa tsohon birnin UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tun 1988, yawon yamma ɗaya ya isa, sai dai ƙasan tsakuwa ce da aka dasa, Hajiya ta sa takalmi mai taushi mara tsini. A Santorini da tsibirin Naksos da zan yi bayaninsa a gaba kuwa ba masallaci, sallarku a ɗaki. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, ba gabas ba kamar yadda muka saba a gida, ku duba da manhajar waya kada a tsaya bisa sabo. Agogonsu a wannan lokacin yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2, kuma a Agusta magariba sai an wuce ƙarfe 8 na dare ko wajen haka, abincin darensu ma sai 9, yara za su fara gyangyaɗi kafin a kawo, ki tanadar musu wani abu da wuri.

Amma na san halin abin da rai ya riga ya ƙwallafa, in kika ce ke dai sai kin ga Santorini da idonki, to ga yadda za a yi: kwana 2 a Santorini, ku kama otal a Kamari a ƙasa, ku ɗauki mota ku je Oia da safe, ba da yamma ba, domin lokacin faɗuwar rana lungunan garin cika suke maƙil da mutanen da jiragen ruwa suka sauke, ko wurin tsayawa babu balle da yara. Sai ku hau jirgin ruwa kamar awa 2 zuwa Naksos ku yi sauran kwana 5. Naksos ita ce mafi girma a rukunin tsibiran da Santorini ke ciki, tsibirin manoma ne, dankalin turawa da cuku da shanu, kuma gaɓarta ta yamma yashi ne fari mai tsawo. Agios Georgios tana manne da garin, ruwanta bai wuce gwiwa ba har nesa, ita ce ta yara. Agios Prokopios da Agia Anna na gaba kaɗan. Plaka ta fi su kyau da shiru amma can ƙarshenta akwai inda mutane ke kwanciya tsirara haihuwar uwarsu, ba sai na ƙara bayani ba. Abin da ya sa ban sa wannan tsarin a gaba ba shi ne jirgin ruwan. A Yuli da Agusta akwai wata iskar arewa da suke kira meltemi, takan yi kwanaki tana kaɗawa ba tsayawa, ƙananan jirage masu gudu su yi ta tsalle a kan ruwa mutane na amai, wata rana ma a hana su tashi gaba ɗaya. In za ku hau, ku zaɓi babban jirgi irin na kamfanin Blue Star, ya fi jinkiri amma ya fi zama daram. Sannan shiga jirgin ba layi ba ne, yana tsayawa 'yan mintoci ne kawai, a sauke ƙofar baya, masu fita da masu shiga da motoci duk lokaci ɗaya, kowa na jan akwati ma'aikata na busa usur. Matashi ba komai, tsohuwa mai ciwon gwiwa ga jikoki biyu, sai an yi da gaske.

Yanzu zaman otal ɗin kansa, akwai ƙananan abubuwa da ba wanda zai gaya miki sai kin je. Na farko buta. Ku tafi da butarku, ƙarama ta roba ku cusa safa a ciki ku jefa a akwati, banɗakinsu ba famfon tsarki. Kuma za ki ga ƙaramin kwandon shara kusa da masai da sanarwa a bango, a yawancin wurare a Girka ba a jefa takarda a masai saboda bututunsu sirara ne, a kwandon ake sawa, a gaya wa yara. Ruwan famfo a Santorini da ƙananan tsibirai na teku ne aka tace, ya yi wanka da alwala amma sha sai na gora, ku saya da yawa a kanti ya fi na firjin ɗaki araha. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayye, cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga, ku sayi adafta tun daga gida, mutanen Nijar su kam nasu na shiga. Ba a ba da ɗaki sai wajen ƙarfe 2 ko 3 na rana, fita kuma 11 ko 12, in jirginku ya sauka da safe za su ajiye muku kaya amma ɗaki sai lokaci ya yi. Kuma kada ku ce za ku kama ɗaki ɗaya na mutum uku ku lallaɓa ku biyar, kowane ɗaki da adadin da aka yarda, da fasfo ake rubuta kowa har jariri.

Akwai kuma wani haraji da ba ya cikin kuɗin da kika biya a intanet, a teburin karɓar baƙi ake biyansa, mutane da yawa sukan ɗauka cuta ce har a yi ta cacar baki. Ba cuta ba ce, na gwamnati ne, na tunkarar sauyin yanayi, tun 2024 ya maye gurbin tsohon harajin kwana. Daga 2025, tsakanin Afrilu da Oktoba, otal mai tauraro 1 ko 2 Yuro 2 ne, mai 3 Yuro 5, mai 4 Yuro 10, mai 5 Yuro 15, a kowane ɗaki kowane dare. Wato ɗaki biyu a mai tauraro 4 na kwana 7 Yuro 140 kenan, ki sa a lissafi. Gadajen kwanciya da lema na bakin ruwa su ma ba kullum suke kyauta ba ko da a gaban otal ɗinku suke, wani lokaci wani ne daban ya yi hayar wurin. Amma gaɓar teku a Girka ta jama'a ce, dokar 2024 ma ta ce a bar kashi 70 cikin 100 na gaɓa ba gadajen haya, kuma a bar mita 4 tsakaninsu da ruwa, saboda haka kina da ikon shimfiɗa tawul ɗinki a fili ba wanda zai ce ki tashi.

Abinci. Naman da ya fi yawa a gasasshen tsirensu, souvlaki da gyros, alade ne, in ba a faɗi wani nama ba to shi ne. Na kaza akwai, amma sau da yawa a kan wuta ɗaya da wuƙa ɗaya. Karin kumallon otal ma akwai siraran yankan naman alade a jere kusa da cuku, ki riƙa bin yara da ido. Batun yankan Ahlul Kitabi wannan tsakaninku da malaminku, ni abin da zan ce shi ne ko ba ku taɓa nama ba sati guda ba za ku ji yunwa ba. Ga gasasshen kifi, ga salak ɗinsu na tumatir da kokwamba da zaitun da cukun feta, ga fava wato wani markaɗaɗɗen wake, ga fanken alayyafo da cuku, ga tumatir da tattasai da ake cusa wa shinkafa a gasa, ga kindirmonsu mai kauri da zuma. Abu biyu dai: kifi da kilo ake sayar da shi a gidan abinci, farashin da ke rubuce na kilo ne ba na faranti ba, a auna a gabanku a faɗi kuɗi kafin a gasa. Sannan miyar nama da ta kayan teku sukan zuba giya a ciki, ku tambaya. Abincinsu ba yaji ko kaɗan, Hajiya za ta ce lami ne, ki ƙulla mata garin yaji a leda mai kyau. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida, an hana shiga da nama da kayan madara Tarayyar Turai daga waje, a filin jirgi za a karɓe. In otal ɗin na da tsarin biya ɗaya a ci a sha duka, ku yi lissafi tukuna, kaso mai tsoka na kuɗin nan na giya ne da ba za ku sha ba, wanda ya haɗa karin safe da abincin dare kawai ya fi muku riba.

Hijabi ba matsala, ba dokar da ta hana, a Rodos ma sun saba da baƙi daga Turkiyya da ƙasashen Larabawa. A teku ki shiga da rigar ninƙaya mai rufe jiki abinki. Wurin ninƙaya na otal ne kowanne da ƙa'idarsa, wasu ba sa yarda da kayan auduga ko doguwar riga, a tambaya kafin a biya. Abin da ya kamata ku shirya wa zuciya shi ne shigar sauran mutane, bakin ruwan Turai ne, kusan tsirara ake zama, ku da yara gara ku riƙa fita daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, lokacin ba kowa, ruwa kwance, rana ba ta yi zafi ba. In kuma za ku ƙara kuɗi don ɗaki mai ɗan wurin ninƙaya nasa na kansa saboda sirri, ku nemi hoton da aka ɗauka daga waje, da yawansu ana hango su daga barandar sama ko daga hanya.

Kafin ki biya ko sisi ki buɗe taswirar Google ki duba otal ɗin ta hoton sama, ki ga ko akwai babban titi tsakaninsa da ruwa, domin "mita 100 daga teku" na iya zama mita 100 na gangare. Sai ki tura musu imel da Turanci, suna amsawa: matakala nawa daga inda mota ke tsayawa zuwa ɗaki, akwai lifta, za a iya ba Hajiya ɗakin ƙasa kusa da naku, wurin wankan na tsaye ne ko baho ne da sai an ɗaga ƙafa, gaɓar yashi ce ko tsakuwa, akwai mai gadin masu ninƙaya. Ki karanta sharhin waɗanda suka kwana a watan Agusta musamman, ba na Mayu ba.

Biza kuma ita ce za ta fi cin lokaci. Girka na cikin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ana iya nema tun wata 6 kafin tafiya, amsa kan ɗauki kwana 15 amma tana iya kaiwa 45, ga wahalar samun ranar ganawa a lokacin hutu, saboda haka tafiyar Agusta tun Maris ko Afrilu ake fara ta. Kuɗin babba Yuro 90, ɗan shekara 7 Yuro 45, ɗan shekara 4 kyauta, ban da ladan cibiyar karɓar takardu. Kowa sai da inshorar lafiya ta akalla Yuro 30,000, fasfo kuma ya zama da sauran wata 3 bayan ranar dawowa. Ku kama otal da za a iya sokewa ba asara, kuma na gaske, kada wani ejan ya haɗa muku takardar bogi, sukan kira otal su tambaya. Hanya ta Istanbul ce ko Alkahira ko Adis Ababa ko Doha zuwa Atens. Ranar 15 ga Agusta babbar ranar idi ce ta cocinsu, Girkawa kansu duk suna tsibirai a satin, ɗaki da tikiti sun fi tsada da wuya, in hutun yara ya ba da dama ku matsa zuwa satin ƙarshe na wata ko farkon Satumba, ruwan ma lokacin ya fi ɗumi.

Wani abu da za ku gani a Rodos shi ne tallar zuwa Marmaris ta Turkiyya a jirgin ruwa, awa ɗaya, a je da safe a dawo da yamma, kuma maigida zai iya sha'awa saboda kasuwa da naman halal. Turkiyya ba ta cikin Shengen, tana da bizarta daban, kuma in bizarku ta shiga sau ɗaya ce to da kun fita ta mutu, ba za a bar ku ku dawo ba, ga kayanku a otal. Ku duba abin da aka buga a fasfo kafin ku sayi tikitin. In kuma tsarin Santorini da Naksos kuka bi, ku dawo Atens kwana ɗaya kafin ranar jirginku na gida ku kwana can, saboda iskar nan da na faɗa.